Allurar da ta warkar da ɓera, da yadda muka kusa fasa kai Gwaggo Yamai

Ranar Alhamis ne bayan la'asar, muna fada an ɗora shayi na biyu, sai ga taubashina ya faka moto yana haki, daga Kasuwar Dole yake, ranar kasuwa guda ya bar ma yaro shago. Ko gaisawa bamu yi ba ya miƙo min salula yace "Mushe duba nan, Allah ya dube mu."

Mahaifiyarshi Gwaggo ce, ƙanwar babanmu. Ta fi wata shida tana jin ƙullutu a nonon hagu bata faɗa ma kowa ba, irin kawaicin nan na iyayenmu, sai da abin ya fara jan hammata. Aka yi eko, aka yanki ƴar tsoka aka tura analiz, sakamako ya dawo ciwon daji ne, wato kansa. Likita ya yi mana takarda zuwa Yamai, cibiyar yaƙi da kansa inda aka fara gashi, wato ƙona ciwon da na'ura, a 2021, aka ba mu randebu saura sati uku. Yamai kuwa kusan kilomita 900 ce daga Damagaram, ga kuɗin kar, ga masauki, ga shimiyo da kowa ya ji labarin yadda take zubar da suma tana sa amai, kuma Gwaggo tunda take bata taɓa wuce Maradi ba.

Bidiyon minti uku ne, wani ya ɗora muryar Hausa kan hotunan Turawa. Ɓeraye biyu kwance, ɗaya cikinshi na ƙyalli ja da shuɗi, ɗayan fes. Mai maganar sai rantsuwa yake wai an gano allurar da ke rufe bakin ƙwayar gadon kansa, ba yanka, ba gashi, ba zubewar suma, wai manya ne ke ɓoye ta, a ƙarshe kuma ga lambar waya ta ƙasar waje. Ba sunan jami'a, ba shekara, ba sunan maganin. Shi kuwa taubashina tun a kan moto ya gama lissafi: a ɗaga tafiya Yamai, a sai da filin da marigayi babansu ya bari a hanyar Tanut, a tura kuɗi a kawo allura.

Ni malamin SVT ne a lise, wato kimiyyar halittu da ƙasa, ban karanci likitanci ba, amma kun san dangi, duk wanda ya taɓa leƙa mikroskop shi ake kawo ma takardar analiz. Kuma wallahi ban iya ce mishi ƙarya ne kai tsaye ba, don tushen maganar akwai shi, ilimin gaskiya ne, ɓerayen ma gaskiya ne. Nace ya ba ni mako ɗaya kar ya taɓa fili. Cikin makon nan, dare dare in kuran ya dawo, na zaɓi magani ɗaya tak irin wannan wanda ya yi tafiyar tun daga ɓera har jikin mutum, na bi sawunshi. Sunanshi CALAA-01. Abin da na tarar ne nake rubutawa, don na san ba gidanmu kaɗai bidiyon nan ya shiga ba.

A lakwal ADN da ARN muke cewa, masu Ingilishi su ce DNA da RNA, duk ɗaya ne, ni ARN bakina ya saba. Cikin ƙwayar jiki akwai kundi, ADN kenan, baya fita ɗakinshi. In ana son ƙera wani furotin sai a kwafi shafin da ake so a ƴar wasiƙa, ita ce ARN ɗan saƙo, a aika ma maƙera. Ƙwayar kansa wasu wasiƙu take ta bugawa ba ji ba gani, duk saƙonsu ɗaya, a rabu biyu, a ƙara rabuwa. To a 1998 Andrew Fire da Craig Mello a Amurka suka gano a jikin wata ƴar tsutsa mai tsawon milimita 1 cewa in ka sa mata ARN mai igiya biyu, ƙwayar da kanta take ɗaukarshi kamar samfur, duk wasiƙar da rubutunta ya zo daidai da shi a yayyaga ta. Kundi na nan ba a taɓa shi ba, wasiƙa ake tarewa a hanya. Suka ci Nobel a 2006, shekara 8 kacal, wanda a harkar Nobel gudu ne sosai. A 2001 Thomas Tuschl da mutanenshi a Jamus suka nuna cewa guntu mai harafi 21 yana wannan aikin har a ƙwayoyin mutum, shi ake kira siRNA. Mai yankan kuma ɗan gida ne, wani gungun furotin da ake ce ma RISC, kamar dogari, ka ba shi igiya ɗaya ya riƙe, ya datse wasiƙar da ta dace, ya saki, ya cafke ta gaba.

A cikin kwanon labo abin yana ci kamar wuta a kara. Ka zuba, kwana biyu furotin ɗin ya yi ƙasa. Rigimar tana farawa ne ranar da ka ɗura shi a jijiya. Jini cike yake da anzim masu tauna ARN, abin da ya tsira ƙoda ta tace shi cikin mintoci ya bi fitsari don ƙarami ne ƙwarai, garkuwar jiki kuma in ta ga ARN mai igiya biyu sai ta ɗauka birus ne ta tada ƙura. Wanda ya yi sa'a ya kai bakin ƙwaya ma baya shiga, cajinshi nagatif ne, fatar ƙwayar ita ma haka, kamar ka kara fuskoki iri ɗaya na maganaɗisu. A 2002 a jami'ar Stanford aka nuna abin yana aiki a jikin ɓera mai rai, amma ji yadda aka yi, ruwa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ɓeran ake banka mishi ta jijiyar wutsiya cikin ƴan daƙiƙu, ƙarfin ruwan ya tura ARN cikin hanta. Mace mai kilo 60 lita 6 kenan a jijiya kafin ka ƙirga goma. Wa zai yi ma uwarshi haka? Shi ya sa tun daga lokacin kokawar duk ta koma kan ɗan aike, wa zai ɗauki saƙon ya kai.

Nan Mark Davis ya shigo. Injiniyan sinadarai ne a jami'ar Caltech can Kalifoniya, da ba ruwanshi da harkar magani. A tsakiyar shekarun 1990 matarshi ta kamu da kansar nono, ya zauna bakin gado ya ga abin da shimiyo ke mata da idonshi, daga nan ya juya akalar aikinshi. Da na ba taubashina wannan labarin shiru ya yi, yace ashe shi ma ɗan jinya ne. Abin da suka ƙera ɗan ƙunshi ne mai faɗin nanomita wajen 70, wato ka tsaga silin gashin kai gida 1000 ka ɗauki ɗaya. A ciki siRNA ne wajen 2000, an naɗe su da wani zare mai cajin pozitif da aka yi da zobban sukari, sikulodekstirin, sannan aka sa ma ƙunshin riga ta wani sinadari da ake ce ma PEG don kar ya manne da ƴan uwanshi ko da tarkacen jini. A kan rigar aka liƙa adireshi, taransferin, furotin ɗin da ke dakon sinadarin ƙarfe a jini. Dabarar ta burge ni gaskiya: ƙwayar kansa mayunwaciyar ƙarfe ce saboda yawan rabuwa, sai ta yawaita ƙofofin karɓar taransferin, kai kuma ka zo mata a matsayin mai talla. Kwalba biyu ne ma, sai an tashi ɗaurawa ake haɗa su, ƙunshin ya harhaɗa kanshi da kanshi.

A 2005 suka fitar da gwajin ɓeraye tare da likitocin yara na Los Anjalas. Kansar Ewing suka ɗauka, wadda ta fi kama ƙashin yara da matasa, sanadinta ƙwayoyin gado biyu ne da suka haɗe wuri ɗaya suka zama EWS-FLI1. Aka ɗura ƙwayoyin kansar mutum a jinin ɓeraye marasa garkuwa, kuma an riga an dasa ma ƙwayoyin abin da ke sa ƙwaron nan na damina walƙiya da dare, don kamara ta riƙa ganin inda suka sauka. Ja da shuɗin da kuke gani a irin hotunan nan kwamfuta ce ta shafa, alamar yawan haske. Allura sau biyu a mako ta wutsiya, a hankali, ba bankawa. Ɓerayen da suka sami cikakken ƙunshi kansar ta kasa yaɗuwa a jikinsu yadda ta yi a sauran. Da aka cire adireshin, ko aka sa siRNA da bai dace da wasiƙar ba, amfanin ya ɓace. Aiki ne mai tsabta, ni ko yau ɗalibina ya tambaye ni yadda ake gwaji da shaida shi zan nuna mishi. Kuma a daidai nan mai bidiyo yake tsayawa ya sa lambar waya.

Su basu tsaya ba. A 2007 suka liƙa ma siRNA tagulla mai fitar da haske, tagulla 64, suka sa ɓerayen a na'ura suna kallon inda kayan ke bi. Abin mamaki, ƙunshi mai adireshi da mara adireshi hanya ɗaya suka bi, kuma yawan da ya taru a ƙarin kusan ɗaya ne. Bambancin sai a bakin ƙofa, mai adireshi ya fi shiga cikin ƙwaya, har hasken nan na ƙwaro da aka aiki siRNA ɗin ya kashe a ƙarin ya yi ƙasa da na mara adireshi da wajen rabi. Wannan ya gyara min wani kuskure da ni kaina nake koyarwa, ina cewa maganin yana neman kansa kamar yadda kare ke bin sawu. Ina! Jini ne ke kwasarshi ya kai inda ya ga dama, adireshin amfaninshi kawai in Allah ya sa ka faɗo unguwar a buɗe maka.

A shekarar dai aka gwada a birai, lafiyayyu marasa kansa, don a ga ko guba ne. Miligiram 3 da 9 a kowane kilo lafiya lau, a 27 ƙoda ta fara kuka, kiriyatinin da yuriya suka hau a jini. Wanda za a ba mutane kuma, CALAA-01 ɗin nan, aka ɗora mishi siRNA mai tare wasiƙar RRM2, wani ɓangare na anzim ɗin da ke buga tubalin gina ADN, ƙwayar da bata da tubali bata rabuwa. Masu ɗa mai emasi a gida sun san Hydrea, to shi ma anzim ɗin nan yake taka ma burki.

Watan Mayu 2008 aka ɗaura ma mutum na farko, ƙarin ruwa na minti 30, ranar 1, 3, 8 da 10 cikin kowane kwana 21. A 2010 labari ya fito a mujallar Nature, duniya ta ɗauka: an yanki tsoka daga ƙarin mutum uku masu kansar fata melanoma, an ga ƙunshin a ciki, wanda aka ba da yawa nashi ya fi yawa, kuma a jikin ɗaya daga cikinsu an tsinci guntun wasiƙar RRM2 a datse daidai inda aka yi lissafin dogari zai yanka. Karon farko kenan da aka nuna a jikin mutum cewa an aika siRNA ta jini cikin ƙunshi mai adireshi ya je ya yi aikinshi. Ba ƙaramin abu bane, kar wani ya raina. Amma ɗan jinya ba guntun wasiƙa ya dame shi ba, tambayarshi ɗaya, ƙarin ya ragu? Cikakken bayani ya fito a 2014, mutum 24 aka ba gaba ɗaya. Babu wanda ƙarinshi ya ragu yadda likitoci ke ƙirgawa a nasara, mafi kyawun abin da aka gani shi ne ciwon ya tsaya cik na wani lokaci. Wasu sun yi zazzaɓi da rawar ɗari da kasala, wasu jikinsu ya ƙi maganin har aka dakatar musu, daga baya aka rufe gwajin. Daga ɓeran 2005 zuwa nan shekara 9, kuma maganin bai taɓa shiga farmasi ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne dabbobin basu yaudari kowa ba. A ɓera, a biri, a mutum, duk labari ɗaya, ƙunshin baya daɗewa a jini, a jikin mutane wajen rabin awa bayan an cire ruwan ya ɓace. A 2012 mutanen Davis da kansu suka gano dalili a ƙodar ɓera, matatar ƙoda tana da wani shimfiɗi mai ƙarfin cajin nagatif, ƙunshin na isowa sai ya fizge zaren pozitif ɗin, ƙulli ya kwance, kaya su bi fitsari. Ciwon ƙodar da aka gani a dabbobi ne kawai bai bayyana a mutane ba, su masu binciken suna ganin don ana fara ƙara ma majinyaci ruwa ne kafin magani. Ɓera ya faɗi duka, mai daɗin da mara daɗin, mai bidiyo ne ya tsinci wanda zai sayu.

To me ya sa isar ke da wuya haka? Duk ɗan Damagaram ya san amsar ko bai shiga lakwal ba. Ruwa ya taso da ƙarfinshi, gidajen gangare su cika randa da tonno, kai da ke kan tudu sai ƙarfe uku na dare famfo ya yi tari ya ɗiga maka rabin bokiti. A jiki hanta da saifa su ne gangare, aikinsu kenan ma su tsince duk baƙon abu daga jini. Ƙari kuwa tudu ne, matsin ruwan cikinshi ya fi na naman da ke kewaye, jijiyoyinshi a karkace, wani wurin ma jini baya kaiwa sam. Tun 1986 Matsumura da Maeda a Jafan suka nuna jijiyoyin ƙari suna yoyo, manyan abubuwa na iya zurarewa ciki su maƙale, kuma a kan wannan yoyon aka gina kusan duk fatan ƙunshi. A ɓera yoyon a bayyane yake, a mutum kuwa ya danganta, wannan ƙarin da yoyo wancan babu, har ƙari ɗaya ma gefe da gefe sun bambanta. A 2016 Warren Chan da mutanenshi a Toronto suka tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara 10 na ƙunsoshi iri iri, suka tarar a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka ɗura ne ke kai ƙari. An yi ta gardama kan yadda suka yi lissafin, amma ba wanda ya fito yace kayan na isa da yawa.

Kuma isa unguwa daban, shiga gida daban. Ƙwaya in ta karɓi ƙunshi cikin wata ƴar jaka take haɗiye shi, andozom, ni zaure nake ce ma ɗalibaina. Baƙo ya yi sallama an shimfiɗa mishi tabarma a zaure, amma dogarin da yake nema yana can tsakar gida, kuma in ya daɗe a zauren sai a wuce da shi ɗakin da ake narkar da shara. A 2013 wasu masu bincike a Dresden ta Jamus suka auna da ƙunshin kitse, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na siRNA ne ke tsallake zaure. Na ɗauki bik na yi ma taubashina lissafi a bayan kwalin shayi, nace wannan haɗin gambiza ne na bincike biyu daban, don ka ga girman abin kawai: ka loda jarka 100,000, 700 su kai unguwa, 14 su shiga tsakar gida. Ya kalli kwalin yace "wannan ai ko duwan bata yi min haka." Sannan wanda ya shiga ɗin ma baya zama, ƙwayar kansa na rabuwa tana raba shi biyu, kamar miyar da ake ta ƙara ma ruwa, cikin ƙasa da mako gishirin ya salance, alhali a hanta da ƙwayoyinta basa yawan rabuwa yana kai sati uku zuwa huɗu.

Sai bambancin ɓera da Gwaggo. Ɓeran labo giram 20 zuwa 25 ne, yawanci an zaɓi wanda bashi da garkuwa don kar jikinshi ya kori ƙwayar mutum, kenan rabin rigimar da garkuwa zata tayar ba a ganta ba. Ƙarin nashi dasa shi aka yi, sau da yawa a ƙarƙashin fata, ƙwayoyi iri ɗaya da suka shekara a kwano, ya tsiro cikin sati biyu uku, a fara magani yana kamar ƙwayar gujiya. Na mutum shekaru yake yi yana gina kanshi, ya yi tauri, ƙwayoyin ciki kowace da halinta, ka toshe wasiƙa ɗaya wata ta zaga ta bayan gida. Kuma "ya yi aiki" a takardar ɓera sau tari ma'anarshi ƙarin ya girma a hankali fiye da na ɓeran da ba a ba komai ba.

Kar kuma a ce ARN ɗin ne tatsuniya. A watan Agusta 2018 Amurka ta amince da patisiran, Onpattro a kasuwa, siRNA na farko da ya zama magani, na wani ciwon gado ne mai lalata jijiyoyi wanda furotin ɗinshi hanta ke ƙerawa. Bayanshi wasu sun biyo, har da inclisiran na kolastarol da ake yi sau biyu a shekara. Ku lura, hanta suka nufa, wato an kai ruwa gangare inda dama can yake zuwa. Na kansa kuwa har ranar da nake rubutun nan babu siRNA ko ɗaya da aka amince a sayar, duk suna matakin gwaji, irin mai tare wasiƙar ƙwayar gadon KRAS na kansar pankiriyas da aka gwada a ɓeraye a Houston a 2017 aka wuce da shi gwajin mutane. Na so ace kansar hanta zata zo da sauƙi tunda tana cin mazajenmu sosai saboda hepatit B, amma hantar da ta ƙeƙashe ƴan tagoginta toshewa suke, ƙwayar kansar kuma tana rage ƙofofin da lafiyayyar ƙwaya ke da su.

Juma'a ta zagayo, bayan an sauko masallaci na tafi gidan Gwaggo. Tana tsakar gida kan tabarma tana tsince zogale da hannun dama, na hagun ta jingine shi kan matashi. Na durƙusa na gaishe ta, tace "ɗan nan an ce kai ka hana a sayo min allura." Nace Gwaggo bari mu kira mai allurar a gabanki. Taubashina ya sa kiredi ya buga, ya buɗe murya kowa na ji. Mutumin Hausa yake ji rangaɗau. Na tambaye shi sunan maganin, yace sirri ne na kamfani. Nace wace wasiƙa yake tarewa, tunda kowane siRNA da tashi, kuma shi ko takardar analiz ɗin Gwaggo bai nema ba. Yace duk kansa yake kashewa. Nace a firigo ake kawo shi ko yaya, yace in fara turo rabin kuɗi zai min bayani. Taubashina da kanshi ya kashe wayar, ɗan kasuwa ne, wannan yaren ya fi ni jinshi.

Gwaggo duk tana ji bata ɗago ba. Can tace "su ɓerayen Turawa gata gare su, mu nan tarko muke ɗana musu." Nace Gwaggo ai in an gama gwajin kashe su ake, a ciro ƙarin a ɗora a sikeli. Ta aje tiren zogalen tace "ashe dai." Sai ta tambayi abin da ni ban shirya mishi ba, wai sumar in ta zube tana dawowa? Nace galibi tana dawowa bayan an gama. Tace to a samo mata kallabi masu kauri, Yamai ba wanda ya santa balle ya yi mata dariya.

Fili yana nan. Raguna biyu aka sayar da ɗan abin da dangi suka harhaɗa, wani ɗan unguwarmu da ke aiki can yace su sauka gidanshi. Ranar tafiya tun kafin asuba muna tasha, ita da taubashina da ƙanwarshi, takardun duka na sa su cikin leda biyu na rubuta lambata a bayan ambulan, Gwaggo ta riƙe butarta ta ƙi yarda a sa a but. Na koma gida na yi wanka na tafi aji.

Wajen la'asar suna Dogon Dutsi sai ga saƙo ya shigo. Wani bidiyon ne, ƙarƙashi ya rubuta: "Mushe wannan ba ɓera bane, biri ne." Ban buɗe ba tukuna, kwafin ɗalibai 60 ke gabana ban gyara ko ɗaya ba.